Sarkin Sito: Malamin da Ya Riƙa Zaɓen Ajin Ƙarshe

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayin, wanda duk wanda ya ratsa makarantarsa ya fi sani da Sarkin Sito, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ƙasa ɗaya da asibiti ɗaya. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a cikin gida, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ya tashi yaro mai nauyin baki, ba ya magana sai an tambaye shi, har yayyensa suka yanke hukuncin cewa kansa ba ya ja. Mahaifinsa kaɗai ya ƙi amincewa da wannan hukunci, domin a cewarsa agogon da ya tsaya ba jefarwa ake yi ba, buɗe bayansa ake yi a duba.

Neman ilimi

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1958, ya shiga sakandare a 1965, inda bisa tsarin jera ɗalibai gwargwadon makinsu aka tura shi ajin ƙarshe. A shekararsa ta fita kaɗai malaman Turanci huɗu suka ratsa ajin nasu, kowanne sabon shiga, kowanne kuma da zarar ya samu ƙofa sai ya yi gaba. Sakamakon haka ya faɗi jarrabawar Turanci a 1970. Ya sake zama a 1971 ya ci, da taimakon littattafan da ya riƙa arowa daga ɗakin karatu na garinsu. Da ya shiga kwalejin horar da malamai, sai ya tsallake duk darussan da ya ƙware a kansu ya zaɓi wanda ya kayar da shi. Mahaifiyarsa ta ce wannan ba zuciya ba ce, taurin kai ne na gidan ubansa.

Kama aiki

A watan Satumba na 1975 aka tura shi wata makarantar sakandare mai bene ɗaya a gefen birni, kuma a nan ya ƙare aikinsa gaba ɗaya. Sashen Turanci na da malamai shida da ofis guda, mai ɗauke da kabad na ƙarfe, da fanka mai ƙara, da dogon tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da ninkakkiyar takarda.

A kan wannan tebur ake gudanar da zaman ƙarshen shekara, a makon ƙarshe na zango na uku. A nan ake bitar sakamakon kowane aji, a duba inda manhaja ta tsaya, a tsai da littattafan baɗi, sannan a zo kan abin da kowa ke jira, wato rabon azuzuwa. Ƙa'idar rabon kuwa tsohuwa ce: shugaban sashe ne ke fara zaɓe, sai mai bi masa a daɗewa, har a gangaro kan sabon shiga, wanda ba zaɓe yake yi ba, abin da ya rage yake kwasa. Abin da ke ragewa kullum shi ne ajin masu rauni na shekarar fita, waɗanda ke zama a wani tsohon sito bayan ɗakin gwaje-gwaje, mai taga ɗaya da allo mai tsaga. Ajin Sito ake ce masa, kuma shi ne rabon marigayin a shekarunsa biyu na farko.

“Ka yi haƙuri, malam, kowa ta nan ya bi,” in ji shugaban sashe na lokacin. “Wani sabon na tafe, za ka huta.”

Gaskiya dai ɗaya ce, kuma tarihi ba ya ɓoye ta: da sabon ya zo a 1977, marigayin bai yi wata-wata ba ya miƙa masa mabuɗin sito ya gudu. Shekara goma ya yi yana hawa daga aji mai kyau zuwa wanda ya fi shi, har sunansa ya fita a matsayin malamin da ɗalibansa ba sa faɗuwa. Daga baya yakan ce shekarun da aka fi yabonsa su ne waɗanda ya fi jin kunyarsu.

Aure da iyali

Ya yi aure a shekarar 1978 da wata ungozoma, 'yar abokin mahaifinsa, mace mai faɗar magana ɗaya ta tsaya a kanta. Allah ya albarkace su da 'ya'ya shida tsakanin 1979 da 1993, ɗaya ya rasu yana jariri. Ƙorafinta ɗaya ne tsawon zamansu, cewa ba a taɓa shimfiɗa tabarmar cin abinci a gidan ba sai an fara kau da takardun 'ya'yan mutane. A 1983 ya kammala digirinsa ta hanyar karatun hutu, ba tare da ya bar aji ko na zango ɗaya ba.

Shugabancin sashe

An naɗa shi shugaban Sashen Turanci a farkon 1987, kuma a watan Yulin shekarar ya jagoranci zaman ƙarshen shekara karo na farko. A ƙarshen teburin akwai wata sabuwar malama da ta zo tsakiyar shekara, wadda ɗalibai suka laƙaba wa Jan Biro saboda ba ta barin kuskure ya wuce ta. Kowa ya san makomarta, ita ma ta sani, har ta riga ta leƙa siton ta taga.

Da aka zo rabo, aka miƙa masa jadawali domin ya rubuta sunansa a layin farko. Ya rubuta, ya tura takardar. Mataimakinsa ya duba, ya sake dubawa, ya ce, “Ranka ya daɗe, ka kuskure layi.”

“Ban kuskure ba. Ba ku ce shugaba ne ke fara zaɓe ba? To, na zaɓa.”

“Sito fa?”

“Sito. A ciki na tashi, na san inda yake yoyo.”

Bai soke ƙa'ida ba, bai yi wa kowa wa'azi ba, bai tilasta wa kowa komai ba. Abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa da Sarkin Sito, suna tambayarsa yaushe za a yi naɗi, shi kuwa ya karɓi sunan hannu biyu. Haka ya ci gaba da zaɓen wannan aji a kowane Yuli har shekara ashirin da huɗu, kuma albarkacin haka a zamaninsa Malama Jan Biro ba ta taɓa riƙe alli a sito ba ko na yini ɗaya.

Ya kuma shigo da wani tsari na bita da ya zama alamar sashen. Kowane malami zai ajiye rubutun insha'in da ɗalibi ya yi a makon farko na shekara, da wanda ya yi a makon ƙarshe, a kawo su zaman a jera su gefe da gefe. A ra'ayinsa maki na faɗin inda yaro ya tsaya ne kawai, amma takardu biyun nan su ke faɗin tafiyar da malami ya yi da shi. Masu azuzuwan gaba ba su so tsarin ba da farko, domin ya tona cewa wasu gwanayen ɗalibai yadda suka shigo haka suke fita.

Tsarin ya yi rana a 1999, lokacin da wani sabon shugaban makaranta ya halarci zaman da shawarar a hana 'yan Sito talatin da huɗu zana jarrabawar fita ta baɗi, don kada su zubar wa makaranta da daraja. Marigayin bai yi musu ba, sai ya buɗe kabad ya shimfiɗa takardun 'yan Siton da suka fita a shekarar har suka rufe teburin, ya roƙi shugaban ya ɗauki biyu duk waɗanda ya ga dama. Ta farko layi uku ce da ƙyar, ta biyu shafi ɗaya da rabi, kuma hannu ɗaya ne ya rubuta su. Shugaban ya karanta, ya ɗauki hularsa ya fita, ba a sake tayar da maganar ba. A shekarar da ta biyo, goma sha tara daga cikin talatin da huɗun suka ci.

Ritaya

Ya cika wa'adin aikinsa a watan Yuli na 2011, kuma Malama Jan Biro, wadda ta shekara goma sha biyu tana riƙe da ajin farko da lambobin yabo, ita ta gaje shi. A zamansa na ƙarshe ya miƙa mata jadawalin da hannunsa. Ta riƙe biro jim kaɗan, sannan ta rubuta sunanta a ajin farko.

“Malam, sunan makaranta a kan ajin nan yake,” ta ce ba tare da ta ɗago ba. “Ba na iya sakinsa yanzu.”

“Zaɓinki ne, Malama,” shi ne kawai abin da ya ce.

Sito ya koma hannun sabon shiga. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba don kansa ba, sai don ya gane cewa shekara ashirin da huɗu yana ɗaukar kaya shi kaɗai bai koya wa kowa ɗauka ba. Mai ɗakinsa ta shaida cewa ranar ko ruwa bai nema ba da ya dawo. Duk da haka bai taɓa aibata magajiyarsa ba, in an kawo masa tsegumi sai ya ce a bar ta, mai karanta takarda ce, kuma takarda ba ta ƙarya.

Cikin shekara uku malamai biyar suka ratsa Sito. A zaman Yuli na 2014, da aka jera takardu bibbiyu kamar yadda aka saba, Malama Jan Biro ta ɗauki na 'yan Sito ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tarar da layi uku a farkon shekara, layi uku a ƙarshenta. Da aka zo rabo, ita da kanta ta jawo jadawalin.

Jinya da rasuwa

A lokacin marigayin yana kwance a gida, ciwon zuciya ya ci ƙarfinsa tun farkon shekarar. Da yammacin ranar zaman Malama Jan Biro ta yi sallama, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa takardar jadawalin ba tare da wani bayani ba. Ya sa autarsa ta ɗauko masa tabarau, ya ga sunanta a layin Sito, ya ninke takardar ya ɗora a ƙirjinsa.

“Tagar nan tana maƙalewa da damina,” ya ce. “Ɗaga ta za ki fara yi, sannan ki tura.”

Allah ya yi masa rasuwa bayan kwana tara, ranar 26 ga watan Yuli na 2014, yana da shekara sittin da uku, aka yi jana'izarsa da hantsi kamar yadda addini ya tanada. Cikin masu ɗaukar makara akwai direba da lauya da mai walda, waɗanda ba su san juna ba sai a wurin, kuma dukkansu a tsohon siton nan suka zauna.

Ya rasu ya bar mai ɗakinsa da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya, mai bi mata injiniyan ruwa, na uku mai gyaran agogo kamar kakansa, ta huɗu malamar lissafi, sai auta da ke karatun haɗa magunguna, tare da jikoki goma sha ɗaya. Ya kuma bar ɗalibai arba'in da ɗaya a wani ɗaki mai taga ɗaya, waɗanda a ranar farko ta sabuwar shekara suka ga shugabar sashe ta shigo da kanta, ta ajiye jakarta, ta ɗaga tagar sannan ta tura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.