Ranar da Na Je wa Gwaggo da Kati

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da maƙwabcina a motarsa. Shi gyaɗa zai je saye a kasuwar Rogo, ni kuma gaisuwa ce za ta kai ni wani ƙauye a yankin Zoza, wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina shekara shida har na gama firamare. Duk shekara in kaka ta yi nakan je mata sau ɗaya. Tafiyar bana ce dai har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma duk cikin waɗanda nake fushi da su ni ne na farko.

Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni ƙwarai, da murya take gane mutum. Muna da wata al'ada ni da ita. In zan tafi sai in durƙusa, in kama hannunta kamar mai sallama, in cusa mata kuɗi a dunƙule. Ba ta tambayar nawa ne, sai ta ƙulle a bakin zaninta, kuma duk gidan babu wanda ke sani. Da shi take sayen goronta, da shi take sadakar Juma'a, da shi take kai gudummawa in an yi haihuwa a maƙwabta, ba sai ta buɗe baki ta tambayi ɗa ko suruka ba. Gaskiyar magana, wannan ɗan cusawar ita ce rabin tafiyar.

Tun ranar Juma'a maiɗakina ta ce, "Malam, ka tsaya ka ciri kuɗin Gwaggo tun a nan." Na ce mata ta bar wannan tsohon yayi, yanzu ko'ina akwai mai POS. Ku sani ni shagon yadi gare ni, kuma shekara biyu ke nan da na liƙa takarda a ƙofa mai cewa kati ko taransifa kawai. Na gaji da neman canji, na gaji da yagaggun takardu. Ni ne a majalisa mai yi wa mutane wa'azin su daina yawo da kuɗi a aljihu. Haka na fita daga gida da kati ɗaya da waya, ina jin kaina wayayye.

Titin Gwarzo da sassafe babu laifi. Dawa ta fid da kai, an karye masara, ga gyaɗa an baza a bakin hanya tana shan rana. Da muka karya kwana muka nufi Karaye ne ramuka suka fara gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, maƙwabcina yana kauce wa wannan yana faɗawa wancan, yana salati. Wajen ƙarfe takwas muka tsaya wurin wani mai shayi a Karaye. Shayi mai kauri, burodi da wainar ƙwai, ga lambar asusunsa an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali an rataye kusa da tukunya. Na tura masa, wayarsa ta yi ƙara, ya ce ya gani. Na dubi maƙwabcina na ce ka gani ko, har nan abin ya iso. Da na san abin da ke gabana da na rage baki.

Daga nan na taka wurin mai POS na farko, yana zaune ƙarƙashin laima. Na miƙa kati na faɗi abin da nake so. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, kuɗi sai haƙuri. 'Yan hatsi sun kwashe tun jiya." Ashe in kaka ta yi, masu sayen amfanin gona ne ke bi suna tattare duk tsabar kuɗin da ke garin, saboda dattawan manoma da yawa ba sa sakin buhu sai sun ji takarda a hannu. Wannan ban taɓa tunaninsa ba ina zaune a shago a Kano.

Na biyu yana da kuɗin, da idona na gan su a 'yar jakar da ya rataya a wuya. Sabis ne babu. Ya zura katina, na danna lambobi, na'urar ta yi ta juyi. Ya ɗaga ta sama kamar mai nuna wa jama'a jinjirin wata. Ya tashi ya koma gindin darbejiya, na bi shi. Ya tsallaka titi, na bi shi. Ni da girmana, da hulata da komai, ina bin mutum da na'ura a sama. Sau huɗu tana fito da 'yar takarda tana cewa bai yiwu ba. Na ce to in tura masa ta waya ya ba ni, ya ce ita ma wayar tasa tun safe ba ta karɓar saƙo, kuma ba zai saki kuɗi bai gani ba. Ban ga laifinsa ba, amma wallahi ji na yi kamar in fizge jakar. Kusan minti arba'in muka ɓata, maƙwabcina yana ta danna ham, don kasuwa ba ta jiransa.

Tsakanin Karaye da Rogo hanya ta fi lafawa, ga gonakin rake kore shar. A wata mararraba muka sayi soyayyen kifi wurin wata mata, mai yaji da albasa, an naɗe a takarda. Ita ma lambar asusu ta karanto mana da ka, ko tuntuɓe ba ta yi ba. A nan abin ya fara ba ni haushi sosai. Duk abin da cikina ke so kati na saya mini. Abu ɗaya da ya fito da ni daga gida shi ne ya gagara.

Rogo ta cika maƙil, motocin buhuna sun toshe hanya, masu kura suna ta ihun a ba su wuri. Maƙwabcina ya shige wurin dillalansa, shi da waya zai biya, ba ruwansa. Na tambaye shi ko yana da wani abu a aljihu, ya zazzage mini, sai makulli da asuwaki. Na sami layin wani mai POS da aka ce shi kaɗai ya rage da kuɗi, na shiga, ni ne na biyar. An ce cajin ya ninka na Kano, na ce ko ya ninka sau uku na yarda. Rana ta take, gumi ya jiƙa mini riga. Saura mutum ɗaya a gabana, wani mai babbar riga, ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa, sai na ga an juye masa jakar gaba ɗaya a cikin leda. Mai POS ya kakkaɓe hannu ya ce, "Jama'a, sai kuma gobe." Abin da na faɗa a zuciyata ba zan rubuta shi a nan ba.

Azahar ta kusa, kuma in ban tashi ba sai dare ya same ni a ƙauye. Na sayi sukari da sabulu da goro, duka da kati na biya, na hau acaɓa. Ɗan acaɓar magidanci ne mai fara'a. Muna hawa wani tudu ya tsaya ya ce, "Alhaji, tura mini a nan. In mun gangara sabis sai an yi sa'a." Na tura, muka gangara, muka ratsa ta cikin dawa har ƙofar gida.

Ina yin sallama na ji muryarta daga ɗaki: "Wa nake ji kamar Babana?" Haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ciwon bayana na bara. Ta shafa fuskata ta ce na rame, alhali ƙiba na yi. Aka kawo tuwon masara da miyar ɗanyar kuɓewa da man shanu, na ci har na manta da fushina na ɗan lokaci.

Bayan na yi salla na ja babban ɗanta gefe, wanda nake kira Yaya, na faɗa masa halin da nake ciki. Ya yi dariya ya ce, "Haba, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Tura ta wayata, in na shiga Rogo in ciro mata." Na ga kamar mafita ce. Sai dai duk gidan wuri ɗaya ake samun sabis, jikin rumbun da ke tsakar gida, daidai inda mata suke zaune suna ɓarar gyaɗa. Can muka je muka tsaya, mu biyu, kowa da waya a sama. Na tura. Wayar Yaya ta yi ƙara, shi kuma don murna, ba don mugunta ba, ya karanta adadin da ƙarfi, ya ɗaga murya ya ce, "Inna, kin ji abin da Babanki ya aiko miki!"

Mata suka ɗauki masha Allah. Kafin in mayar da waya aljihu an gama raba kuɗin. Matar Yaya ta ce ai ɗakin Inna yana yoyo, a sayi kwano. Wata ta ce maganin idonta ya ƙare. Yaya ya ce a ƙara da katifa, ta yanzu ta lotse. Duk magana ce ta hankali, duk don ita ne, babu wanda zai ci ko sisi. Amma ina tsaye na gane cewa ko naira ɗaya ba za ta kai bakin zaninta ba. Gwaggo ta ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ƙara buɗi." Muryar ba irin wadda na saba ji ba ce.

Da la'asar ɗan acaɓa ya dawo ɗaukata. Na shiga ɗaki na durƙusa na kama hannunta kamar kullum. Sai na ji yatsunta suna lalube a tafina, a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta saba ne, shekara da shekaru. Ba ta sami komai ba. Na fara kame-kame ina ba ta labarin Karaye da sabis da mai babbar riga, ta ce, "Wato kai yanzu ba ka da ko na shan ruwa a jikinka?" Na ce ina da kati, Gwaggo. Ta ce, "Kati."

Ta jawo bakin zaninta ta kwance ƙullin da haƙori. Ta zaro wata ɗari biyar da ta yi laushi kamar tsumma, tana ƙanshin goro, ta cusa mini a hannu ta dunƙule yatsuna a kai, daidai yadda nake yi mata. Na ce haba Gwaggo, ni ne zan karɓi naki? Ta ce, "Yi shiru kar su ji. Cikin naka na bara ne, ita kaɗai ta rage. Namiji ba ya hanya aljihu wayam." Na so in mayar, ta riƙe hannuna gam. Na fito da sauri don kada matan gidan su ga idona.

A hanyar komowa maƙwabcina yana ta lissafin ribar gyaɗarsa. Mun shigo Kano ana kiran isha'i. Maiɗakina ta tambaye ni yaya Gwaggo, na ba ta labari tun daga mai shayi har ɗaki. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Kallona kawai ta yi ta kawo mini abinci, kuma wannan ya fi mini zafi.

Ba zan ce kati bai yi ba. Ya ciyar da ni a Karaye, ya kai ni har ƙofar gida, kuma ɗakin Gwaggo zai daina yoyo. Amma na koyi cewa abin da nake kai mata ba adadi ba ne. Abu ne da take ji a hannunta, ita kaɗai ta san shi, ita ke da iko da shi, kuma wannan waya ba ta iya aika shi. Duk mai tsohuwa a ƙauye, don Allah ya ciri kuɗinsa tun a gari, ya bar wayewar a aljihu.

Takardar ƙofar shagona na yage ta ranar Litinin. Wanda ya kawo tsabar kuɗi yanzu da hannu biyu nake karɓa, ina ware masu kyau a wata ambulan, domin ba zan jira kaka mai zuwa ba. Ita kuwa ɗari biyar ɗin tana nan bayan katina, ban taɓa ta ba. Jiya Juma'a, ina fitowa daga masallaci na tuna cewa a wannan makon Gwaggo ba ta da abin da za ta ba da sadaka, domin na ƙarshen yana aljihuna.