Abin da Akuya Ta Rage

A takarda, Uwar Garka ba ta aiki. Shekara talatin da biyu ke nan tana duƙe a ɗan filin bayan ɗakinta, wanda ta kewaye da kara da tsohon gidan sauro, tana fitar da kuɓewa da wake da tattasai. Amma duk ranar da masu rubuta sunaye suka zo, a ƙofar gida suke tsayawa su ce a kira musu manomi, sai mijinta ya fito yana gyara hula.

Maigidan ba mugu ba ne. Yana noman masara da damina, sauran shekara kuma yana noman labarai a gindin bishiya da rediyonsa. Bita tara ya halarta kan inganta noma, ya samo huluna huɗu da riguna uku da takardun shaida da ke rataye a bango. Uwar Garka ba ta taɓa tambayarsa abin da aka koyar ba, shi ma bai taɓa matsa wa kansa ya tuna ba.

Abin da ya hana ta sukuni a waccan shekarar jikarta ce, yarinya 'yar shekara biyar da take riƙo. Da rana lafiyarta lau. Rana na faɗuwa sai ta fara lalube, ta yi karo da turmi, ta taka kwano, ta zauna inda duhu ya same ta tana kiran kaka. Malamar asibiti ta ce dundumi ne, ta matsa mata wata 'yar ƙwayar magani a baki.

“Mama, wannan zai taimaka, amma in abincinta bai canja ba, zai dawo. In ya yi ta dawowa, idon ne zai tafi.”

Uwar Garka ta dawo gida da wannan magana a ƙirjinta kamar dutsen niƙa. Tsoro take ji, tsoro na gaske.

A makon ne aka kira manoma bita ta goma. Maigida ya tafi, ya dawo da hula ta biyar da wani damin ganye ɗaure a bayan keke, ya jingina shi kusa da turken akuya.

“Maigida, wannan fa?”

“Igiyar dankali ce. Sun ce a ba yara.”

“Igiyar za su ci?”

Ya shiga nazari. Bayan abincin rana aka yi wannan bayanin, shi kuwa bayan abincin rana ba a cika samunsa ba, ko da yana zaune a wurin.

Washegari tana kakkaɓe sabuwar hular sai takarda ta faɗo. Ba ta iya karatu ba, amma hotuna ne. Ga hannu yana binne igiya a kunya, ga dankali an raba shi biyu, cikinsa launin lemo, ga idon yaro an zana shi ƙato. Ba ta tsaya neman takalmi ba, ta ruga turken akuya. Ta tarar akuya ta riga ta halarci bitar. Cikin igiya ɗari, bakwai suka rage, ta bakwai ɗin ma daga bakin akuyar ta fizgo ta.

Rani ne, rijiya da nisa. Ruwan da ta wanke kwanuka, da wanda ta yi wa yarinya wanka, duk garka yake tafiya. Da igiyoyin suka miƙe ta yanka ta sake dasawa, bakwai suka zama arba'in. Ganyen ma bai tsira ba, tana tsinka tana dafa wa yarinyar. Bayan wata huɗu ta tona, ta fasa ɗaya. Maigida ya leƙa ya ga launin, ya ce ya lalace. Ta ce to, kada ya ci. Ya ci uku.

Da malamin gona ya zagayo, ya tarar cikin gida talatin da aka ba igiya, a nan kaɗai ta rayu. Ya tsayar da Maigida da dankali a hannu biyu ya ɗauke shi hoto.

“Baba, gaɓa nawa ka binne a ƙasa?”

Maigida ya dubi dankalin, dankalin bai ce komai ba.

“Uku a ƙasa, biyu a sama,” in ji Uwar Garka daga bakin murhu.

Malamin gona ya juya ya dube ta, ya zaro biro ya tambayi sunanta.

“Ɗana, an riga an rubuta ba na aiki. Kada ka ɓata takardarka.”

Ya ɓata ta dai. Ya soke, ya rubuta manomiya, ya ce bita mai zuwa ita za a kira. Ta ce ta gode, ta koma kan tukunyarta. Ba wannan take jira ba.

Wata rana da yamma lis, rana ta faɗi, haske ya rage kaɗan, tana kwashe shanya. Sai ta ji muryar jikarta daga can ƙofar ɗaki, tsallaken tsakar gida.

“Kaka! Akuya ta shiga garka!”

Ta waiwaya. Ita kanta sai da ta ƙanƙance ido kafin ta hango baƙar akuyar a cikin kunya. Yarinyar ta taso a guje, ta kewaye turmi, ta tsallake kwano, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Uwar Garka ta tsaya da zani a hannu, hawaye na zubo mata, ba ta ko share ba.

“Kaka, tana ci fa!”

“Bar ta ta ci,” ta ce. “Faɗa mini, wace kunya take?”

“Ta biyu.”

Ta biyun ce.