Hatsin da Na Wanke

Yarana, ni mutumin Tsibiri ne, ɗan manomi. Kafin in lalace ba a san ni da komai ba sai ƙarfin noma da son ƙanwata Rabi. Mahaifiyarmu ta rasu Rabi tana ƙarama, ni na goye ta, ni na riƙa kai ta lakwal, wato makarantar boko, a bayan keke. Ita Allah ya ba kai, ta yi karatu har Yamai, ta dawo ta sami aiki a wani ɗakin bincike na harkar gona a bakin Maraɗi. Ni kuwa da gona ta ƙi, na shigo birni ina dako a mangaza, wato babban ɗakin ajiyar hatsi.

Ɓarnata da kaɗan ta fara. In na ɗauki buhu sai in zare tiya guda. Daga nan na koyi zuba ƙaiƙayi a ƙasan buhu, na koyi ɗaga gindin tiya da guduma don ta rage ci. Ba wanda ya kama ni, sai na ɗauka wayo ne.

Sai fari ya zo, lokacin mulkin soja. Rumbuna suka bushe, mutane suka cika gari suna neman abin sawa a baki. Aka kawo irin shuka don a raba wa manoma, an cuɗe shi da maganin ƙwari, an rina shi ja don kowa ya san ba na ci ba ne. Muna sauke kamiyo, babbar motar da ta kawo irin, na karkatar da wasu buhuna. Na wanke hatsin, na sake wankewa har jan ya fita, na shanya, na kai kasuwa. Zuciyata ta ce mini tunda launi ya tafi, magani ma ya tafi.

Cikin masu saye akwai Inna Kulu, tsohuwa mai fura a Jiratawa. Ba a jima ba na ji labari: yaran da suka sha furarta suna ta amai da karkarwa, an kwashe su asibiti. Gari ya ce tsohuwar ce ta sa guba. Aka jefe ta, jandarmomi suka kulle ta, suka kai ragowar hatsinta ɗakin bincike. Wato hannun Rabi.

Na je wurinta da hantsi. Ta yi murna da ganina, ta ba ni kujera, ta ce, “Yaya, zo ka ga aikina, kullum kana cewa ba ka gane abin da nike yi.”

Ta nuna mini wani faifan gilashi da aka shafe da farin gari. Ta ce ta niƙa hatsin, ta jiƙa shi cikin wani ruwan magani, ta tace. Ta ɗiga kaɗan a ƙasan faifan, gefensa ta ɗiga ainihin maganin ƙwarin da take zato. Sai ta tsayar da faifan cikin kwalba mai ɗan ruwa a gindi. Ina kallo ruwan ya riƙa hawa a hankali kamar yadda kananzir ke bin lagwani.

“Kuromatogarafi ake ce mishi,” in ji ta. “Ruwan na jan duk abin da ke cikin ɗigon. Wani abu na da saurin tafiya, wani na maƙalewa, kowane da inda yake tsayawa. Haka suke rabuwa.”

Ta ciro faifan, ya bushe, ta fesa masa wani abu. Tabo biyu suka fito, kafaɗa da kafaɗa. Na hatsin ya fi dishi-dishi, amma yana nan. Ta ce akwai na'ura a Yamai da za ta faɗi yawansa, ko da bai kai ƙwayar ƙura ba. “An wanke hatsin nan, Yaya. Tsohuwar ba ta da laifi. Wanda ya sai da mata shi za a nema.”

Na ce, “Rabi, ba a iya cewa ba a ga komi ba?”

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Sai ta zauna a ƙasa, cikin farar rigarta, ta riƙe ƙafata tana kuka. “Yaya, kai ne? Kai da ba ka cin tuwo sai na ƙoshi?”

Da ta share hawaye ta ce abin da ta gani shi za ta faɗa, ba za ta bar tsohuwa a kulle ba. “Amma ba ni so a zo a ɗaure ka a kasuwa. Tashi mu tai tare, ka faɗa da bakinka.” Muka taka har jandarmari, hannuna cikin nata.

Na yi shekaru a gidan kaso. Ita ma ta sha tambayoyi saboda ni, amma ba ta taɓa goranta mini ba. Tana zuwa da tuwo da sabulu, ta zauna ta ba ni labarin gida. Ita ta gaya mini yaran sun tashi, sai ɗaya da hannunsa bai daina rawa ba. Wannan yaron ya fi bangon kaso takura ni.

Da aka sake ni, Jiratawa na fara zuwa. Na durƙusa gaban Inna Kulu. Ta kwaɗa mini ludayi a ka, ta ce, “Wannan na jifan da na sha ne. Sauran na bar wa Allah. Tashi ka sha fura.” Mahaifin yaron bai amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na tuba, na kama noman rani a Gulbi, a nan na tsufa.

Ku da kuke tasowa, kada ku taɓa abincin mutane da ha'inci, komai yunwa, komai tsadar rayuwa. Kada ku ce kaɗan ne, ba mai gani. In kuma kun riga kun zame, kuna da wani mai ƙaunarku da zai iya faɗa muku gaskiya, ku je wurinsa yau, tun ba a kai ɗan wani asibiti ba.