Sunayen da Aka Cire Daga Rigunan Madam Holub

Da safiyar Talata, 14 ga Mayu, 2019, Allah ya karɓi ran Madam Renata Holub a gidanta da ke unguwar Footscray, tana da shekara saba'in da takwas. Ɗanta Milan ne ya kira ni ƙarfe tara da kwata. Na rubuta lokacin a littafina kamar yadda nake rubuta komai, sannan na rasa abin da zan sa a ƙarƙashinsa.

Madam, shekara arba'in da ɗaya kika yi kina ɗinka tufafi wa 'yan rawar bale na kamfaninmu, rawar nan ta Turawa da ake yi a kan yatsun ƙafa. Na zo hannunki ina da shekara goma sha bakwai, fitowata daga sakandare ke nan. Ranar farko kika ɗaga ɗinkina kika ce, "Noelene, wannan na rawa ne ko na bakin buhun dankali?" Na shiga banɗaki na sha kuka. Da na fito na tarar da rabin burodinki da cuku a kan teburina, ke kuwa kin juya baya kamar ba ki san zancen ba.

A bakinki na ji cewa da can siket ɗin rawa yana kusan kai idon sawu, kuma fitilun gas na bakin dandamali sun sha kama shi da wuta da yarinya a ciki. Kika nuna mini yadda siket ɗin ya yi ta gajercewa har ya tsaya a ƙugu kamar faifai, raga a kan raga har goma sha biyu, duk a kame da hannu. Kika koya mini kuma cewa rigar rawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Takan yi shekara talatin tana aiki, kuma duk wadda ta sa ta sai an rubuta sunanta da shekarar a ɗan kyalle a ɗinke cikin shafin rigar, ƙasa da na wadda ta riga ta. A can sama sunan telar yake.

Ba na manta ranar da 'yar rawarmu Talia Rewiti za ta fara ja gaba a rawa, tsoro ya kama ta. Kika juya mata cikin rigar kika ce, "Karanta. Mutum tara sun ji tsoro a cikin rigar nan, ba wadda ta mutu. Tsaya cak in ɗaure ki, 'yar nema."

Yanzu sai abin da na so in ɓoye, har sau uku ina yaga takardar nan.

Bara aka naɗa Craig Pendlebury shugaban sashen tufafi. Ya shirya baje kolin tarihin rigunanmu guda sittin a wani gidan adana kayan tarihi. Ya ce kyallayen sunaye datti ne da tsohon gumi, a cire su, a bango kuma sunayen masu zane kawai za a rubuta, ban da na teloli. Kika dube shi ta saman tabarau kika ce, "Yaro, ka taɓa riƙe allura?" Kafin wata ya ƙare ya sallame ki da sunan ritaya.

Sai ya miƙo mini reza, na karɓa. Kyalle ɗari huɗu da goma sha biyu na warware cikin kwana tara, arba'in da bakwai daga ciki sunanki ne. Ina da 'ya'ya biyu, na ji tsoron rasa aikina. Dalili ne wannan, amma ban tabbata uzuri ne ba.

A watan Maris na zo gaishe ki, bakina ya kasa faɗa. Ashe kin riga kin ji. Kika ce, "Kin zubar?" Na ce a'a, kowace riga da ambulan ɗinta, suna gidana. Kika ce, "A jere?" Na ce a jere. Kika rufe ido kika ce, "To, aƙalla abu ɗaya ya shiga kanki."

Ranar jana'izarki Pendlebury ya zo. Ya tare ni wajen shayi, da yankan kek a hannunsa. Gidan tarihin ya ƙi karɓar riga ko ɗaya sai an faɗi shekararta da waɗanda suka sa ta, shi kuwa bai iya bambance ta 1979 da ta bara ba.

Ya ce, "Noel, mutuniyata, an ce ba abin da ke wuce littafinki."

Na ce, "Yallaɓai, ai sunayen datti ne. Kai ka faɗa."

"Haba, yau ranar wannan magana ce?"

"Gawarta ko sanyi ba ta gama yi ba ka zo roƙo. Kai ka zaɓi ranar."

Na gaya masa kyallayen suna nan, na kuma gaya masa sharaɗina. Sunanki zai hau bango sama da na kowa. Arba'in da bakwai ɗin nan kuwa shi zai mayar da su da hannunsa, a teburinki, a gaban dukan telolin da suka ga fitarki da jakar leda. Duk wanda ya karkace in warware, ya sake. In ya ƙi, ranar 7 ga Yuni da za a buɗe baje kolin ya tsaya gaban baƙinsa ya bayyana musu inda rigunan suka shiga. Ya ce zai iya korata. Na ce na sani, kuma ambulan ɗin za su bi ni.

Jiya Litinin ya zauna a kujerarki. Minti shida ya yi kafin zare ya shiga allura, ba wadda ta taimake shi. Ya ɗinka uku, na warware biyu. Ban san ko za ki yarda da jin daɗin da na ji ba, Madam, amma na ji shi, kuma ban yafe masa ba. Ni ma ban yafe wa kaina ba. Sauran ɗari uku da sittin da biyar ni zan mayar.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya ba hannuwanki hutu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Milan da matarsa Bronwyn, da jikokinki, da duk wadda ta taɓa hawa dandamali cikin ɗinkinki. Allah ya ba mu haƙuri. Wanda ya zalunce ki kuwa, Allah ya ja kwanansa har ya gama mayar da sunanki.

Noelene Garrity, Melbourne