Ranar da Malamin Magani Ya Tsallako Gulbi

Na tsufa yanzu, abubuwa da yawa sun zube mini, har sunayen wasu jikokina sai na tsaya na yi ta lalube. Amma akwai wata ranar damina da ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi, ranar da wani bawan Allah ya buɗe bakin ɗiyata ya ga abin da mu da muke kwana da ita ba mu gani ba.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Ina aure a wani ɗan ƙauye na ƙasar Goronyo, a tsallaken gulbin Rima. Mijina manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani. Muna zaune da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, kuma maganar yara a gidan nan tata ce, ba tawa ba. Kafin wannan ɗiya na haifi maza biyu, dukkansu na yaye su lafiya, dukkansu kuma na rasa su ba a yi wata shida da yayen ba. Mata sun fara raɗa a gidajen suna cewa ba ni da rabon riƙon ɗa. Ina jin su. Don haka da Allah ya ba ni wannan yarinya, sai na zama kullum cikin fargaba, ko tari ta yi sai in tashi in duba ta.

A lokacin akwai wani malamin magani na hukumar En'e da aka ajiye a ɗakin magani na Goronyo. Mutumin Wurno ne, dogo, siriri, ba ya da yawan magana. Duk Talata biyu yakan zo ƙauyenmu bisa keke, da akwatin katako ɗaure a baya. Sauran ranakun yana Kagara ko Giyawa ko wasu garuruwan. Idan ya gama da masu gyambo da masu ciwon ido a ƙofar mai gari, ba ya juyawa gida. Sai ya bi gida-gida, ya zauna a zaure, ya ce a fito masa da yara, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau.

Da farko abin ya ba mutane dariya. Inna ma ta taɓa ce masa, "Malam, wagga ɗiya ba abin da ke damunta. Mi za ka duba?"

Ya ce, "Inna, ita nake son gani. In ban san ta da lafiya ba, ƙaƙa zan gane ta ranar da ta canza?"

Yakan duba idon yaro, ya taɓa cikinsa, ya sa bayan cokali ya buɗe masa baki ya leƙa haƙora da dasashi. Ni ba na fita, don haka Inna ke kai masa yarinyar. Amma ko da yaushe sai ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Uwar ɗiya na kusa?" Sai in tsaya bayan zanan da ke ƙofar zaure, ya yi ta tambayata: mi ta ci jiya, yaya bayan gidanta, tana wasa ko tana kwance. A duk rayuwata shi ne namiji na farko da ya taɓa tambayar ra'ayina a kan abin da na haifa. Tun ranar sunanta yake ganinta, har ta kai shekara biyu da rabi.

A bazarar shekarar nan ƙyanda ta shigo gari. Ta kwashe yara, gidaje da yawa an yi kuka. Tawa ma ta kamu, bayan yaye da 'yan makonni. Ta sha wuya, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, amma ta tashi. Muka yi sadakar masa, muka ce an tsallake. Abin da ya rage kawai shi ne ba ta son abinci, tana yawan zubar da yawu, kuma bakinta na ɗan wari. Inna ta ce haƙoran ciki take yi, ta aika wa wanzami ya zo ranar Laraba ya tsaga mata dasashi su samu hanya. Ni ma na yarda da haka. Ban san wani abu ba.

Ruwa ya yi ta sauka kwana uku a jere, gulbi ya cika ya haura fadama. Da Talatarsa ta zo, ba wanda ya sa ran ganinsa. Ina cikin surfe da hantsi sai na ji sallamarsa a zaure. Ashe ya bar kekensa a wancan tsallaken, ya shiga jirgin fito, sannan ya tako sauran hanyar da ƙafa cikin laka, akwatin bisa kansa. Na leƙa ta ramin zana na ga wandonsa jiƙe har gwiwa.

Inna ta ce, "Malam, cikin wanga ruwa? Ai da ka bari sai gulbi ya sauka."

Ya ce, "Garin da ƙyanda ta fita, shi ne bai kamata in tsallake ba. Kawo mini ita."

Da ya ɗauke ta, bai yi mata wasan da ya saba ba. Ya ce wannan ba nauyinta ba ne. Ya juya ta wajen haske, ya buɗe bakinta, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Uwar ɗiya, warin nan yaushe ya fara?"

Na ce, "Kwana huɗu ke nan."

Inna ta karɓe zancen. "Haƙori take yi, Malam. Gobe wanzami na tahe."

Wani ne da sai ya yi mata faɗa, ko ya kushe wanzamin. Shi kuwa cewa ya yi, "Wanzami ya san aikinai, ni ma wanzami ya yi mini askin suna. Amma wanga ba na aska ba ne. Matso ki gani, Inna." Ya nuna mata wani ɗan wuri a dasashin sama, wajen kumatu, da ya yi baƙi-baƙi, bai kai ƙwayar wake ba. Sannan ya tambaye ta a hankali, "Tun kina ƙarama, kin taɓa ganin yaron da ya tashi daga ƙyanda, daga baya ciwo ya huda mai kumatu?"

Inna ta ce, "Ƙanwata. Munka ce iska ne. Har haƙoranta ana gani ta waje kafin ta rasu."

Ya ce, "To haka shike farawa. Amma yau muna da lokaci. In an bari ya kwana huɗu ko biyar, ba ni da abin da zan iya."

Ya bayyana mana cewa allura za a yi mata safe da yamma har fiye da mako, a riƙa wanke bakin, a kuma matsa mata da abinci, kuma hakan ba zai yiwu ba sai a Goronyo. Ya tambayi inda maigida yake. Aka ce yana gona, ana tsakar noma na biyu. Bai aiki kowa ba. Ya miƙe da kansa ya bi shi har gonar, suka dawo tare.

Mijina mutumin kirki ne, amma abin ya zo masa a ba-zata. Ya ce to Inna ta tafi da yarinyar, ni in zauna, don matar aure ba ta kwana a garin da ba ta da kowa. Malam ya ce, "Inna za ta tahi, don ba a yin komi a kan ɗiyan gidan nan ba da ita ba. Amma yarinyar ba ta karɓar abinci sai a hannun uwarta, kuma uwar ce za ta ci gaba da aikin in an dawo. A cikin gidana za su sauka, wurin iyalina. Ba asibiti zan kwantar da su ba."

Mijina ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Inna ce ta yanke maganar. Ta juyo wajen zanan ta ce, "Ke, ɗauko mayafinki."

Da la'asar muka shiga jirgin fito. Ban taɓa hawa ruwa mai yawa haka ba. Gulbin ya yi ja, yana tafe da rassan itace, jirgin na tangaɗi. Na ƙanƙame yarinyar, Inna na ta salati, malam kuma yana zaune a gaba riƙe da akwatinsa a cinya kamar jariri. Muna isa ya yi mata allurar farko kafin ma ya sauya tufafi.

Matarsa ta karɓe mu kamar 'yan'uwanta na jini. Ita ta koya mini yadda zan dafa ruwa in bari ya huce, in zuba ɗan gishiri, in naɗe yatsana da tsumma mai tsabta in goge dasashin a hankali, sau huɗu a yini, sannan a shafa wani shuɗin magani. Yarinyar na ihu, ni ina kuka, matar na riƙe da hannuna tana cewa in ci gaba. Aka samo madara daga wata Bafulatana, ana dama mata kunu da ita, da wake da aka dafa ya yi lugub. Da aka zo kan ƙwai Inna ta ce sam, yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama. Malam ya yi murmushi ya ce, "Inna, ki bar ta ta rayu tukuna. Tarbiyya kuma aikinki ne, na san ba za ta yi sata a hannunki ba." Inna ta yi dariya, ranar nan da kanta ta ɓare ƙwan ta ba ta.

A kwana na uku na ga abin da aka tsamo mu daga ciki. Wata mata ta zo daga wani ƙauye mai nisa, inda zagayen malam ba ya kaiwa, da 'yarta goye, an rufe mata fuska da ƙyalle. Da aka buɗe, na kau da kai. Malam ya yi mata duk abin da zai iya, ya rubuta musu takarda zuwa babban asibitin Sakkwato. Ban san yadda suka ƙare ba. Har yau nakan yi wa matar nan addu'a.

Tawa kuwa, a kwana na huɗu warin ya fara raguwa. A na shida haƙora biyu suka fita tare da ɗan naman da ya mutu, na firgita, malam ya ce na nono ne, wasu za su fito a lokacinsu. Mijina ya tsallako ya zo duba mu, malam bai bar shi ya tsaya a gaisuwa ba. Ya sa shi ya wanke hannu, ya naɗe yatsa, ya goge bakin 'yarsa da kansa. Yana ta jin kunya, amma ya yi. Malam ya ce masa ranar da uwar ta kwanta ciwo ko ta haihu, kada aikin ya tsaya. A kwana na tara ta miƙa hannu da kanta ta ɗauki tuwo a kwanon Inna. Washegari muka koma gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan ta warke bai ɗauke ido daga kanta ba. Ya ci gaba da zuwa, rani da damina, yana leƙa bakinta, har ya ga sababbin haƙoran sun fito daidai. Shi ya ce a fara ba ta asuwaki mai laushi tun tana shekara uku. Inna ta zama mai yaɗa zancensa a gari: duk gidan da yaro ya yi ƙyanda sai ta shiga ta ce a buɗe mata bakinsa ta gani. Bayan wannan yarinya Allah ya ba ni biyar, huɗu suka rayu, kuma dukkansu ya san su tun suna cikin zane.

Da aka yi masa canji zuwa Rabah, bai tafi haka kawai ba. Ya zo da wanda zai gaje shi, ya bi da shi gida-gida, yana gaya masa labarin kowane yaro. A zaurenmu na ji yana cewa, "Wagga ta yi ciwon baki tana ƙarama, ka riƙa duba dasashinta na sama. Kuma ka riƙa tambayar uwar, tana bayan zana, ba ta ɓoye komi." Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba sai a kwanakin nan na Goronyo, kuma tun da ya koma Rabah ban sake ganinsa ba. Na ji ya rasu da daɗewa. Allah ya jiƙansa, ya sa aikinsa ya bi shi.

Ɗiyar nan yanzu tana da jikoki. In ta yi dariya akwai ɗan tabo a cikin leɓenta na sama, wanda ba mai lura da shi sai ni.

Abin da na koya shi ne, allura ta yi aikinta, amma ba ita kaɗai ta ceci yarinyar nan ba. An cece ta ne don akwai mutum ɗaya da ya san ta tun tana lafiya, ya zo ranar da ya saba zuwa, ya kuma jawo uwa da uba da kaka cikin aikin bai raina kowa ba. Shi ya sa nake gaya wa matan gidanmu: kada ku jira sai yaro ya kwanta kafin ku kai shi a duba, ku riƙe wuri ɗaya da za a san shi, ku tafi da ubansa in da hali. Kuma ko kuna sauri, ku ce a buɗe bakinsa a gani.