Sabulun da ke tankin Hamisu

Ko shayi ban sha ba da safen nan aka bugo mini waya daga Jiratawa. Hamisu mai jirgi ya cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya da hantsi yana zuba mai a bakin gulbi, inji na aiki, jirgin ya kama da wuta. Allah ya sa fasinja ba su riga sun shiga ba.

Hamisu ne ke ƙetarar da mutane in damina ta cika gulbi. Ɗalibina ne a lakwal, wato makarantar boko, tun lokacin da karatu ke da daraja. Duk garin nan an daina ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, ban da shi.

In na shiga jirginsa, rawaninsa yake shimfiɗa mini a kan katako don kada rigata ta jiƙe. Tumatir ɗin lambunsa kuwa har gida yake aiko mini a unguwar Zariya.

Juma'ar waccan na gan shi ƙarshe. Ina zama cikin jirgin na ji warin isansi, wato fetur. Na duba ƙasa, ruwan da ya taru cikin jirgin yana sheƙin mai. Tankin ya tsage a gindi, ya liƙe shi da sabulun wanki, yadda 'yan kabu-kabu ke yi wa babur.

Na ce masa babur a kan ƙasa yake ɗiga, iska ta kwashe. Jirgi kuwa tara man yake yi ƙarƙashin ƙafarka. Na ce ya sake tanki, ya riƙa kashe inji, ya fito da tankin tudu kafin ya cika shi.

Ya yi dariya. "Mushe, injin nan in ya mutu sai na yi rabin awa ina jan igiya. Sabulun kuma tun bara yake riƙe."

Wani cikin fasinja ya ce tsohon malami ya buɗe aji. Aka kwashe da dariya.

Sai na yi shiru. Na gaji da zama abin dariya a garin da in ka san abu sai a ce iyayi ne. Na zaɓi mutuncina, na bar shi da tankinsa.

Yau kowa na cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma sabulun nan, hannu ne ya shafa shi, kuma idona ya gani.

Ƙanensa Sani yana da jirgi na biyu, an ce nasa tankin ma haka yake. In an tashi daga zaman makoki zan tafi bakin gulbi, in shiga jirgin in zauna. Ba zan sauka ba sai an cire tankin nan. Mai dariya ya zo ya yi.

Ya Allah ka jiƙan Hamisu, ka sa zafin da ya sha ya zama kaffara, ka dubi iyalinsa. Wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafarar shirun da na yi.