Shekara Huɗu Bayan Kawu Lawal, da Gorar da Na Miƙa

Ranar Alhamis da ta wuce Kawu Lawal ya cika shekara huɗu da rasuwa. Ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar sakandare a Kankia, mai wanke kwalabe ya jera su kafin ɗalibai su shigo. Allah ya jiƙansa da rahama. Duk shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana na kasa, saboda abin da ya faru a gidanmu a garin Boko makonni uku da suka wuce.

A aji an koya mana ma'aunin pH, na haddace shi don jarrabawa kawai. Kawu ne ya sa na gane shi, wani hutu da ya zo gida. Ya jiƙa zoɓo ba sukari, ya tace, ya raba a kofunan gilashi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ya matsa lemon tsami a ɗaya, jan ya ƙara haske. Ya ɗiga ruwan kanwa a wani, ya koma kore mai duhu. Sannan ya jefa ƙwayar sodar da ake sabulu da ita a na ƙarshe, ya yi kore, ya zarce ya zama ruwan ɗorawa.

Ya ce ma'aunin daga sifili yake zuwa goma sha huɗu, ruwa mai tsabta yana kan bakwai. Ƙasa da bakwai gidan tsami ne: nono, tsamiya, lemon tsami, can ƙarshe ruwan batir. Sama da bakwai gidan kanwa ne da ruwan toka, can ƙarshe soda. Kowane taki ɗaya ninki goma ne, shi ya sa kanwa ke shiga miya, soda kuwa ta ci fata, alhali ɓangarensu ɗaya. "Bilki," ya ce, "mutane ruwan batir kaɗai suke tsoro. Bakin ma'aunin nan biyu duk ƙuna suke."

Matan unguwa da suka leƙo ba su ji wannan ba. Launi suka gani yana juyawa, suka tafi da labarin Lawal ya koyo siddabaru a wajen aiki. Har ya bar duniya akwai gidan da ba a karɓar ruwa daga hannunsa. Shi dariya yake yi. Ni ce abin ke ci wa rai.

Bayan rasuwarsa sana'ar sabulu ta shigo garinmu. Yanzu da wuya ka wuce gida uku ba ka samu mai haɗawa ba, kuma Innarmu tana cikin gwanayen. Ana sayo soda ranar kasuwa a farar leda, ba rubutu ba komai, a jiƙa ta, abin da ya rage a juye a gorar lemo. Ruwan kanwa ma a gorar lemo muke ajiye shi tun ina yarinya. Na sha tambayar kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan. Tambayar kawai nake, ban taɓa buɗe baki ba.

Matar yayana, Zinatu, ta haihu. Kamar yadda aka saba, aka kira Gwaggo Indo, dattijuwar maƙwabciyarmu, wadda ita ke dama wa kowace mai jego kunun kanwa a unguwar. Da safe ne, kwana huɗu da haihuwa. Tana kan tukunya ta ce, "Ke Bilkisu, miƙo mani ruwan kanwar can." Na je gindin rumbu na ɗauko koriyar gora na ba ta. Ta tuttula da yawa, don an ce kunun mai jego sai da kanwa sosai. Ranar tana azumin nafila, ba ta ɗanɗana ba.

Kurɓa ɗaya Zinatu ta yi ta furzar, ta fasa ihu. Leɓenta da harshenta suka yi fari. Wata ta ce a ɗura mata manja, wata ta ce a sa ta amai. Abin da na iya tunawa daga Kawu shi ne ruwa, ta yi ta kuskure baki, kada a sa ta amai, a tafi asibiti. Aka ɗauke ta zuwa Kankia. Allah ya taƙaita, kaɗan ya wuce maƙoshi. Amma kwana tara sai abu mai ruwa take iya haɗiya, da jariri a hannu.

Kafin la'asar magana ta gama gari: Gwaggo Indo ta zuba wa mai jego asid, wato ruwan batir. Aka tuno rikicin iyakar gona da ta yi da yayana bara. Aka ce azumin ma dabara ce don kada ta sha. Matan da ta yi wa wankan jego da hannunta suka fara kauce mata a hanyar rijiya. Yayana ya rantse sai ya kai ta gaban hukuma. Ita kuwa ta kulle kanta a ɗaki, ba ta da ɗa ba ta da miji da zai tsaya mata.

Ni ma na zarge ta, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina zarginta, don ya fi mini sauƙi. Amma kalmar asid ta ƙi zauna mini. Na tuna lokacin da na miƙa gorar, yatsuna sun yi santsi kamar na taɓa sabulu, har na goge a zani. A rana ta uku na koma gindin rumbu. Gora biyu ne, koraye, iri ɗaya.

Na jiƙa zoɓo, na raba a kofi biyu. Gorar farko ta ba ni kore mai duhu. Ta biyun, wadda ruwanta ya yi ƙasa, ta ba ni ruwan ɗorawa.

Na sami Inna a ɗaki na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Mi kike so a ce? Uwar miji ta ƙona bakin surukarta? Ke kuma da kika miƙa, kina tsammanin za a bar ki?" Na ce to Gwaggo fa? Ta ce, "Magana ce, za ta wuce." Amma yayana ya riga ya sa ranar Litinin zai kai ƙara.

Ranar Lahadi bayan azahar na ɗauki kofuna da gorunan biyu na shiga zaure, inda Baba da yayana da mai unguwa suke zaune. Na ce, "Baba, ku gafarce ni, ba Gwaggo ba ce. Sodar sabulun gidan nan ce, kuma ni na miƙa." Na ɗiga a kofunan zoɓo a gabansu, ɗaya ya yi kore, ɗaya ya yi ruwan ɗorawa. Mai unguwa ya ce a kawo kanwa daga gidansa a sake, kada ya zama na shirya. Aka sake, ta ba da kore. Yayana ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya tashi ya nufi ƙofar Gwaggo Indo.

Ba a kai ƙara ba. Amma kada mai karatu ya ɗauka komai ya daidaita. Gwaggo ta karɓi ban haƙuri, ta ce ita da kunun jego har abada. Wasu yanzu ni suke kallo, suna tambayar yadda aka yi na san launin da zai fito. Ni kuma duk gorar da na gani a gidan mutane sai gabana ya faɗi. Ko a gidan suna aka ba ni kunu, riƙe shi nake har ya huce.

Kawu bai bar gida ba, bai bar 'ya'ya ba, littattafansa gara ta cinye. Na kan zauna in lissafa abin da ya rage nasa a duniya, in ga bai wuce rana ɗaya ta hutu ba. Amma ranar nan ɗaya ce ta hana a kai tsohuwa gaban alƙali a kan abin da ba ta yi ba.

Kwana goma sha ɗaya Inna ba ta yi mini magana ba, sai dai ta amsa gaisuwa da kai. Ranar Alhamis, bayan mun yi wa Kawu addu'a, ta kira ni. Ta ajiye sabuwar jarka a gabana da gwangwanin jan fenti. Ta ce, "Halin Lawal kika ɗauko, shi ma bai iya shiru ba." Ban san ko faɗa ne ko yabo ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Rubuta soda da manyan baƙaƙe. Ki zana wuta a jiki don waɗanda ba su karatu."